Filin Mata: Ita Ma Mota Tana da Guzurinta

Ran Asabar na shiga gidan wata yayata a Fagge, na tarar tana haɗa wa maigidanta guzuri, zai kai kaya Agadas. Ga kilishi, ga dakuwa, har da yaji a kwalba. Na ce, "Yaya, sannu da aiki. Ita motar fa, me aka haɗa mata?" Ta yi dariya, ta ce wannan ai sha'anin maza ne.

Ni kuwa na ce namu ne. In mota ta mutu a daji, wa ke kwana ba barci? Kuma sau da yawa mu ne a cikinta da goyo.

A watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka lalace a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar. Ƙishirwa ce ta kashe su. Allah Ya jiƙansu.

Fagge ɗin nan da can zangon ayarin Azbinawa ce. Madugu ba ya tashi sai ya duba salka da igiya. Raƙumi ya zama mota, amma hamada tana nan yadda take. Daga Damagaram zuwa Agadas kaɗai kusan kilomita 450 ne, garuruwa kuwa nesa da nesa.

To, ga abin da za ki tambaya. Na farko taya: safaya biyu masu iska, da faci da sholisho, da famfo, da jak. A haɗa da guntun katako mai kauri, don jak nutsewa yake yi cikin rairayi. Na biyu fambel. Ɗan abu ne, ko a jaka ya shiga, amma in ya tsinke inji zai ɗau zafi, tafiya ta ƙare. Haka tiyon lagireto: in ya fashe ruwa ya tsiyaye, sai a koma ɗura wa mota ruwan sha. Saboda haka jarkar mota dabam, ta mutane dabam. Na uku filtar mai, don man da ake saya a hanya yakan zo da datti. Sai baƙin mai, da man birki, da fis, da waya, da sifana, da shebur, da tocila.

Duk ana samunsu a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. Amma a tafi da tsohon a gwada, ko a ɗaura sabon tun a gida a ga ya hau. Fambel ɗin da bai yi daidai ba, da shi da babu duk ɗaya.

Kada ki tare shi da gardama gaban yaran mota. Bari sai ya ci abinci, ki ce, "Maigida, an duba safaya kuwa?" Ke kuma 'yar makaranta, rubuta wa Baba waɗannan a takarda ya sa a aljihu. Amfanin karatu ke nan. A ƙarshe ki san hanyar da zai bi da ranar isarsa, don in an ji shiru a bi sawu da wuri.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa.