Ƙaramar mota ta hannu: a duba ƙarƙashinta kafin a tura kuɗi

Tambayar da ta fi yawa a wayarmu kwanan nan daga ƴan uwa na Abijan, Libiya da Faransa take: wace ƙaramar mota za a saya wa gida?

Mu fara da tsada. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakarmu da Benin, motocin da suka saba shigowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru, mai saye ne ke biya. Shi ya sa ido ya koma kan ƴan ƙanana marasa shan esansi.

To amma araha ba ta ado. Starlet da ta cika tashoshin taksi a Yamai, tun 1999 Toyota ta daina ƙera irinta, Yaris ta gaje ta. Abin da ya riƙe su har yau shi ne kowane makaniki ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu na nan Maraɗi da Damagaram. Aygo, Peugeot 107 da Citroën C1 kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne: masana'anta guda a ƙasar Cek, injin esansi na Toyota mai silinda uku. Injin na da juriya, sai dai titunan Turai aka yi wa su. Cikinsu dab da ƙasa yake, rairayin hanyar ƙauye ba ya raga musu, balle an ɗora buhun hatsi da mutum biyar.

Mu a ganinmu, kada a tura ko dala saboda hoton WhatsApp. A sami makanikin da ba yaron dillali ba, a hau da motar kan rami. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta ƙasa, fenti kuma ya rufe tsatsa. A tayar da inji da sassafe yana sanyi, a ga hayaƙi, sannan a tuƙa ta da tsakar rana a ga ko za ta yi zafi. Kilomitan da ke allo, wannan kam ana iya mayar da su baya.

Sai takardu. Lambar shasi ta jikin mota ta yi daidai da ta karti giriz da takardar duwan, harafi da harafi. In dillali ya ce "za a kawo gobe", kuɗin ma su jira goben.