Ƙara Tana Cin Kunne a Ɓoye

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan ƙarfin sauti a wuraren kiɗa da biki, domin ta ƙiyasta matasa fiye da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda ƙara. Lalle wannan magana ta shafi mai rumfa da janareta ke ruri a bayansa, da yaron injin niƙa, da maƙeri, da wanda ya kwana gindin lasifikar biki.

Ga yadda abin yake. Can cikin kunne akwai wani gurbi mai siffar katantanwa, cikinsa da 'yan gasu ƙanana wajen 16,000. Su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani takan kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. In ta daɗe sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tohowa. Ba zafi, ba jini. Da fari kunne kan riƙa ƙugi bayan an bar wurin, sa'an nan mutum ya ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomi. Haruffa masu siririn sauti, irin sin da shin, su ke fara ɓacewa. Wannan babbar hasara ce ga malami mai sauraron hadda, da ɗan kasuwa mai ciniki cikin hayaniya.

Masana suna auna sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. In ta kai 85, iyakarta awa takwas a yini. Duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu, har a kan 100 ba a wuce minti 15. Watau ɓarna tana bin ƙarfi da daɗewa tare. Wanda ba shi da ma'auni ya lura: in sai ya yi ihu kafin na kusa da shi ya ji, wurin ya kai haddi.

Tun 2009 Nijeriya take da dokar iyakance ƙara a hannun hukumar NESREA, amma doka ba ta tsayawa bakin kowace rumfa. Gyara yana hannun masu wuri. A nisanta janareta daga mazauni, a sassauta lasifika, a ba yaron injin abin toshe kunne da hutu, kada a zaunar da jariri kusa da makaɗa. Wanda ƙugin kunnensa ya ƙi wucewa ya nemi likita, akwai asibitin kunne na ƙasa a Kaduna. Abin da ya tafi ba ya komowa, amma sauran yana tsaruwa. Allah ya kiyaye.