A Bar Yara Su Zaɓi Kalmar Aiki

Jama'a, muna da ƙara a kan waɗansu malaman Turanci na ƙasar Kazaure, har Roni da Gwiwa. Suna ba yara jerin manyan kalmomi su haddace don insha'i, wai ta haka labari ke yin armashi. Ba mu yarda ba.

Ku tambayi yaron Roni yadda aka yi ruwa jiya a kan duwatsunsu. Ba zai ce an yi ruwa kurum ba. Zai ce hadari ya gangamo, ruwa ya kece, ya kwararo ta kwazazzabo, ya yashe hanya. Ko cikin barci ya san bambancin yayyafi da tsugewa. Amma da ya ɗauki alƙalami sai kowane abu ya zama "ya yi", "ya tafi", kana ya yaɓa masa sifofi uku don ya rufe ramar. Ko da Hausa ma haka suke rubutawa yanzu, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan.

A tarihi ma haka. Ɗan Tunku bai "yi rashin jituwa" da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ba bayan 1819. Bijire masa ya yi, suka gwabza.

To, malamai, ku fara sa yaro ya faɗi abin da Hausa, ya tsamo kalmar da ta dace, sa'an nan ku nema masa takwararta a ƙamus na Turanci. In babu takwara, ku gaya masa babu.