WASAN ƘWALLON GORA NA KAN ƘANƘARA YANA DA ABIN KOYI

Akwai wani wasa da akan nuna a talabijin jifa-jifa, inda za ka ga ƙarti sanye da hulunan kwano suna sulu a kan ƙanƙara, kowa da gorarsa. Da yawa daga cikinmu da sun gani sai su ce ai wannan dambe ne kawai. To, ni a ganina wasan nan yana da wata doka guda wadda ta fi ta ƙwallon ƙafa adalci, kuma ya kamata mu are ta.

Bari mu fara da yadda ake yinsa. Turawa suna kiransa hoki, kuma a birnin Montreal na ƙasar Kanada aka fara buga shi a tsare cikin ɗaki a shekarar 1875. Babbar ƙungiyar shirya gasarsa ta Kanada da Amurka, wato NHL, an kafa ta a 1917. Filinta tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa 85, an kewaye shi da katanga. 'Yan wasa suna sa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Abin da ake bugawa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, mai siffar waina, faɗinsa inci 3. Kowane gefe mutum 6 ne har da gola, wanda ke tsaron raga mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 4. Ana yin zango uku, kowane minti 20, kuma da an busa usur sai agogo ya tsaya. Ana canjin 'yan wasa ba adadi, ko da kuwa ana cikin wasa, domin gudun yana da cin rai.

Akwai jan layi a tsakiya, da shuɗɗan layuka biyu da suka raba filin gida uku. Idan ɗan wasa ya riga faifan ƙetare shuɗin layin abokan hamayya, ya yi satar gida ke nan. Haka kuma an hana mutum ya tsaya a rabin filinsa ya ɗirka faifan har ya wuce layin ragar abokan hamayya don kawai ya huta da matsi. In an yi haka sai a komo da wasa kusa da ragarsa, alƙali ya jefa faifan tsakanin mutum biyu su yi rige-rige.

Yanzu ga dokar da nake magana. Wanda ya yi ƙaramin laifi, kamar taɗiya ko maƙale wani da gora, sai a kai shi wani ɗan akurki a gefen fili ya zauna minti 2, 'yan gefensa su ci gaba da wasa da giɓin mutum ɗaya. In an ci su a cikin wannan lokaci sai ya fito, don ya riga ya biya bashinsa. Babban laifi kuwa minti 5 ne cur, ko an ci su ko ba a ci ba. A gasar NHL masu dambe ma minti 5 ake ba su.

Ku gwada wannan da katin gargaɗi na ƙwallon ƙafa, wanda aka fara amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meksiko. Mutum ya shure wani da gangan, a ɗaga masa kati, ya ci gaba da wasansa. Waɗanda aka cuta ba su amfana da kome ba. In ma katunan sun taru an dakatar da shi, wata ƙungiya dabam ce za ta ci ribar a wasa na gaba. Shi kuwa jan kati sau da yawa yakan fi ƙarfin laifin, shi ya sa alƙali kan ji nauyin fito da shi, musamman in 'yan kallo sun kewaye fili ba shinge. A hoki kuwa, nan take ake hukunci, kuma wanda aka cuta shi ke cin moriyarsa.

Wani zai ce ai waɗanda aka rage musu mutum za su koma gida su yi ta ɓata lokaci. Gaskiya ne, tun da agogon ƙwallon ƙafa ba ya tsayawa. Amma alƙali yana da ikon ƙara lokaci, kuma ƙungiyar da ta koma tsaron gida ta riga ta ji hukuncin a jikinta.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne. Tun a 2017 hukumar tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta yarda a riƙa fitar da ɗan wasa na ɗan lokaci a wasannin yara da na unguwanni, kuma a 2019 Ingila ta shimfiɗa hutun dole na minti 10 ga mai yi wa alƙali rashin kunya a ƙananan gasanninta.

Saboda haka ina kira ga masu shirya wa samarinmu gasa a Sabo da Zango da sauran unguwanninmu na nan Kudu, su gwada wannan doka. Abin da ake bukata benci ne guda da mutum mai agogo. Yaron da ya zauna minti 10 yana kallon ana cin gidansu saboda bakinsa, abokan wasansa ma sun isa su ladabtar da shi. Allah ya sa a ji, a kuma gwada.