Motar da ba a hawa: Ƙarancin maleji ba shi ne lafiya ba

Mai karatu, idan ka taɓa tsayawa a wajen dillalan motoci, a nan gida ne ko a ƙetare, na tabbata ka ji kalmar nan da suke fara jefa wa mai saye da ita tun bai gama kewaya motar ba, wato "ba ta yi tafiya ba." Abin nufi shi ne adadin kilomitocin da malejin motar ya lissafa ɗan kaɗan ne. Idan kuwa motar na daga cikin waɗanda aka ƙera musamman don gudu, irin su Ferrari da Porsche da Lamborghini da McLaren, to wannan 'yar lamba kan iya ninka kuɗinta. Abin da nake so mu tattauna a yau shi ne yadda lambar nan ta zama abin da ake saye da sayarwa fiye da ita kanta motar, da kuma dalilin da ya sa nake ganin duk wanda ya miƙa mata wuya ido rufe ya sa dukiyarsa a cikin hatsari, wani lokaci ma har da ransa.

Bari mu fara da abin da ya faru a watan Agustan 2021 a Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda kamfanin gwanjo na Gooding & Company ya sayar da wata mota ƙirar McLaren F1 ta 1995 a kan dala miliyan 20 da dubu 465. Guda 106 kacal aka taɓa ƙerawa na wannan mota, 64 daga ciki ne na hawa a kan titi, kuma a 1998 an gwada ta ta yi gudun kilomita 386 a awa ɗaya. Sai dai abin da aka fi yayatawa a kan wadda aka yi gwanjonta shi ne, a cikin shekara 26 da ta yi a duniya, tafiyar da ta yi ba ta wuce kilomita 390 ba. Wato duk tsawon rayuwarta ba ta yi tafiyar da ta kai nisan Kano zuwa Abuja ba. Ka ga ke nan wanda ya saye ta ya shiga tsaka mai wuya: in ya hau ta ya yi tafiyar wuni guda, ya ninka lambar da ya zuba wa kuɗi; in kuma ya ƙi hawa, to abin da ya mallaka bai wuce kayan kallo ba.

Mu ajiye wannan, mu dubi wata 'yar'uwarta. Ɗan wasan barkwancin nan na Ingila, Rowan Atkinson, wanda yara da manya suka sani da Mista Bean, ya sayi tasa McLaren F1 ɗin a 1997. Shi bai kulle ta ba, hawanta ya riƙa yi, har ya yi tafiyar kimanin mil dubu 41 da ita. Sau biyu yana yin haɗari da ita, a 1999 da kuma 2011, kuma gyaran na biyun ya ci kamfanin inshora fiye da fam dubu 900. Duk da haka, da ya tashi rabuwa da ita a 2015, rahotanni sun nuna an saye ta a kan kimanin fam miliyan 8, fiye da ninki goma na abin da ya biya. Gaskiya ne akwai tazarar shekara shida tsakanin cinikin biyu, saboda haka ba za a kwatanta farashinsu kai tsaye ba. Amma darasin a fili yake: tushen darajar wannan mota shi ne ƙarancinta da ingancin ƙirarta. Ƙarancin maleji ƙari ne a kan wannan tushe, ba shi ne tushen ba. Wanda ya ɗauka cewa kowace mota mai gudu za ta zama zinare don kawai ya rufe ta da tamfol, ya yaudari kansa.

Waɗanda suka yi irin wannan lissafi da Porsche 911 R sun ga haka. A 2016 kamfanin ya fitar da guda 991 kawai, a kan kimanin dala dubu 185 kowace. Nan da nan masu neman riba suka wawashe su, suka ajiye ba tare da hawa ba, suna neman ninki-ba-ninki na kuɗin. A 2017 sai kamfanin ya fito da GT3 Touring, mai giyar hannu da siffa kusan iri ɗaya, ba tare da ƙayyade yawanta kamar waccan ba, farashin 911 R kuwa ya rikito. Shi kuma kamfanin Ford, da ya fito da sabuwar Ford GT a 2017, sai da ya tantance masu saye, ya kuma gindaya musu sharaɗin kada su sayar sai bayan wata 24. Da ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa jim kaɗan bayan karɓarta, kamfanin ya maka shi a kotu, sai a 2018 aka sasanta. Wannan ya nuna su kansu maƙeran motocin ba sa jin daɗin ganin abin da injiniyoyinsu suka ɓata shekaru suna ƙerawa ya koma hajar 'yan ɓoye kaya.

Wani zai ce, to ina ruwan wani? Mutum da kuɗinsa, in ya ga dama ya hau, in ya ga dama ya ajiye. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ban musa ba cewa motar da ba ta yi tafiya ba takan zo da fentinta na asali da kujerunta garau, ba a taɓa kwance mata inji ba. Akwai kuma masu adana irin waɗannan motoci don tarihi, suna ɗaukar ƙwararrun bakanikai suna kula da su. Matsalata ba da su take ba. Matsalata da wanda zai sayi motar don ya hau ce, yana zaton ƙarancin tafiya daidai yake da ƙoshin lafiya.

Mu da muka taso muna ganin dawaki mun san cewa ingarman da aka ɗaure a turke wata da watanni, ana ba shi dawa da harawa amma ba a fita da shi kilisa, ba shi ne za a sako a sukuwa ranar hawa ba. Zai yi ƙiba ya yi sheƙi, amma ƙafafunsa ba za su ɗauke shi ba. Mota ma haka take, domin akwai abubuwa da yawa a jikinta da shekaru ke cinyewa, ba tafiya ba. Robobin da ke toshe mai da ruwa a cikin inji sukan bushe su tsattsage idan mai bai riƙa ratsa su ba. Man birki yana tsotsar danshin iska, shi ya sa galibin kamfanoni ke cewa a sauya shi duk bayan shekara biyu, an hau motar ko ba a hau ba. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki yakan lalace ya yi danƙo ya toshe hanyoyinsa. Batir yakan mutu, baƙin mai yakan rasa ingancinsa, ɓeraye kuma su samu wayoyin wuta su yi ta gaigaya. Bel ɗin da ke daidaita aikin inji ma da wa'adin shekaru ake sauya shi, kuma a wasu motocin, kamar Ferrari F355, bisa ƙa'ida sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Labarin dubban motocin alfarma da gidan sarautar Brunei ya tara a shekarun 1990 ya isa misali, domin da yawa daga cikinsu zafi da danshi ne suka lalata su a inda aka jera su, alhali ko titi ba su san shi sosai ba.

Mafi hatsari a cikin waɗannan duka ita ce taya. Taya na iya zama da zanenta raɗau kamar yau aka fito da ita, alhali robarta ta ƙandare, ta daina kama kwalta. A ranar 30 ga Nuwamban 2013, ɗan wasan fina-finan nan na Amurka, Paul Walker, da abokinsa Roger Rodas da ke tuƙi, sun rasa rayukansu a cikin wata Porsche Carrera GT ta 2005 a Santa Clarita da ke Kalifoniya. Masu bincike sun ɗora alhakin haɗarin a kan gudun wuce sa'a, amma sun kuma gano cewa tayoyin da ke jikin motar, wadda 'yan dubban mil kawai ta yi, sun kai kimanin shekara tara. Ga mota mai ƙaramin maleji, ga tsofaffin tayoyi. Abin takaici shi ne sanin shekarun taya ba ya buƙatar wani dogon karatu: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2315, to an ƙera ta a mako na 23 na 2015. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin suna cewa kada a wuce shekara goma da ita ko da ba ta suɗe ba, wasu kamfanonin mota ma shekara shida suke bayarwa.

Duk wannan fa idan lambar gaskiya ce ke nan. Duk inda aka ɗora wa lamba kuɗi, to sai an sami masu murɗa ta. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa motoci fiye da dubu 450 ake sayarwa duk shekara a ƙasar da malejin ƙarya, abin da ke jawo wa masu saye asarar sama da dala biliyan ɗaya. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin kaso mai yawa na motocin da muke kira tokumbo ko Beljiyam daga can ake kwaso su, wasu ma daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Idan ana iya yin haka a ƙasar da ke da doka mai tsauri a kan wannan laifi, ina kuma ga motar da ta ratso teku, ta bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare ka? Malejin zamani na kwamfuta bai hana komai ba, sai ma dai ya sauya wa masu murɗiyar kayan aiki.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa ba a hau ta ba, kuma wa ya mallake ta? A watan Satumban 2019, kamfanin Bonhams ya yi gwanjon motoci 25 a kusa da Geneva, waɗanda hukumomin Suwizalan suka ƙwace a binciken almundahana da ya shafi Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Equatorial Guinea kuma mataimakinsa. An tara kimanin dala miliyan 27. A cikinsu akwai Lamborghini Veneno Roadster, wadda guda tara kawai aka ƙera, ta yi kilomita 325 kacal, aka sayar da ita fiye da dala miliyan 8. Ba ina cewa duk motar da aka ajiye ta haram ce ba, amma a nahiyarmu ya kamata mai saye ya san cewa wata motar ba don ƙauna aka ɓoye ta ba, rumbun ɓoye kuɗi ce, kuma ranar da hukuma ta biyo sawu ba za ta tambayi nawa ka biya ba.

Saboda haka shawarata ga mai niyyar saye ita ce kada ya yi cinikin biri a sama. Ya karɓi lambar shasi, wato VIN mai haruffa da lambobi 17, ya bincika tarihin motar a rumbunan bayanai irin su Carfax idan daga Amurka take, ko tarihin gwajin MOT idan daga Ingila ce, inda ake rubuta malejin kowace shekara. Ya nemi takardun sabis masu ɗauke da kwanan wata, domin motar da ta yi kilomita dubu 40 ana kula da ita a kan kari ta fi wadda ta yi dubu biyu ba a san ranar da aka yi mata juyen mai na ƙarshe ba. Ya kawo bakaniken da ya san irin motar, wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya dubi sitiyari da feda da kujerar direba ya ga ko suɗewarsu ta yi daidai da lambar. Ya kuma ware kuɗin farfaɗo da ita, sabbin tayoyi da mai da bel da batir, a cire daga farashin tun kafin a sallama. Sannan ya tambayi kansa a kan wane titi zai hau ta, tunda cikinta kusan a ƙasa yake, ga ramuka ga tudun rage gudu. Bahaushe ya ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shi kuma mai sayarwa, haƙƙi ne a kansa ya faɗi tsawon zaman da motar ta yi da abin da aka yi mata a lokacin zaman. Cewa "ba ta yi tafiya ba" tare da yin shiru a kan tayoyin shekara goma rabin gaskiya ce, rabin gaskiyar da ka iya kai wani kabari. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, amma nagartar mota a takardunta da hannun da ya kula da ita ake gane ta. Lambar da ke gaban sitiyari nisan tafiya kawai take faɗa, shi ma ɗin sai in ba a taɓa ta ba.