Ruwan zartsi a garka: a auna shi kafin a shuka

Tun shekara ta 1984, lokacin da fari ya sa gwamnatin shugaba Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, garka ta zama rumbu na biyu ga talakan Nijar. Albasar Galmi, tattasan Difa, tumati da shu da salati na fadamun Maraɗi da Damagaram, duka da ruwan ban-ruwa suke rayuwa. Amma akwai rijiyoyi da tafkuna waɗanda ruwansu ke da zartsi, wato gishiri-gishiri. Wani manomi yakan guje su ɗungum. Wani kuma yakan zuba ruwansu ga kowace irin shuka, har ranar da zai ga ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari. Dukansu biyu suna hasara, kuma dalilinsu ɗaya ne: babu wanda ya auna masu ruwan.

Wani masanin tsirrai mai suna Dov Pasternak ya yi shekaru masu yawa yana binciken wannan al'amari. Ya yi malanta a jami'ar Ben Guriyon ta ƙasar Isra'ila, a bakin hamadar Negeb, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake da zartsi. Daga shekara ta 2001 ya yi aiki wajen shekara 10 a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, inda ya yaɗa ban-ruwa na ɗigo-ɗigo cikin ƙananan garake, da magarya mai aure wadda ake kira tuffar Sahel. A shekara ta 1985, shi da abokin aikinsa Yosef Mizrahi suka buga sakamakon gwajin da suka yi bisa ingancin kayan garka da aka shayar da ruwan zartsi. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki: tumati da malo da suka sha wannan ruwa sun fi ɗanɗano, ko da yake ƴaƴansu sun ƙanƙance.

Dalilin haka ba shi da wuyar ganewa. Gishiri yana riƙe ruwa, kamar yadda kowace mace ta sani idan ta bar shi a buɗe da damina. In ya yi yawa cikin ƙasa, sai saiwa ta sha wahala wajen tsotsar ruwa, shuka ta ji ƙishirwa alhali ƙasa tana jiƙe. Ɗan tumati ba ya samun ruwan da zai kumbura, don haka sukari da tsamin da ke cikinsa sai su tattaru wuri ɗaya. Kamar miya ce da aka rage mata ruwa. A shekara ta 1988, Mizrahi da wasu masu bincike suka ƙara nuna cewa idan zartsin kaɗan ne, kuma aka jinkirta ba da shi har shuka ta yi ƙarfi, ana iya samun wannan ɗanɗano ba tare da amfanin ya ragu sosai ba.

To, a nan ne ake bukatar hattara, domin kowace shuka da iyakar haƙurinta. A shekara ta 1977, wasu masana biyu na ƙasar Amurka, Maas da Hoffman, suka tsara jadawalin da har yanzu ake aiki da shi. Ana auna gishirin ƙasa da wata ƴar na'ura mai duba yadda wutar lantarki ke ratsa ruwan da aka tatso daga ƙasar. Gwargwadon yawan gishiri, gwargwadon hawan lambar. Bisa wannan jadawali, karoti da wake sukan fara raguwa daga lamba 1, albasa daga 1,2, salati daga 1,3, tattasai daga 1,5, shu daga 1,8, tumati daga 2,5, dabino kuwa sai an kai 4. Bayan an wuce iyakar, kowace lamba ɗaya da ta ƙaru tana cinye wa albasa kashi 16 bisa 100 na amfaninta, tumati kuwa wajen kashi 10.

A ɗauki ƙasar da awonta ya kai lamba 4. Mai tumati zai rasa kamar kashi 15 bisa 100, ya kuma sami ƴaƴa masu daɗi. Mai albasa zai rasa kusan kashi 45, wato kusan rabin wahalarsa. Ƙasa ɗaya ce, rijiya ɗaya ce, amma zaɓen iri ya raba mai riba da mai bashi. Ga ƙasar da albasa take cikin manyan kayan da take fitarwa waje, wannan lissafi bai kamata ya tsaya cikin littattafan masana ba.

Abu na biyu shi ne gishiri ba ya tashi tare da tururi. Rana tana kwashe ruwa, ta bar shi a ƙasa. Idan kowace lita tana ɗauke da giram 1 kawai, kuma aka zuba wa hekta ɗaya lita miliyan 6 cikin rani guda, an ajiye mata tan 6 na gishiri ke nan. A Negeb, abin da ya taimaki masu binciken shi ne ƙasar rairayi wadda ruwa ke ratsawa, da kuma ban-ruwa na ɗigo-ɗigo, wanda ke jiƙa gindin shuka kullum, yana tura gishirin zuwa gefe. Wanda ya kwaikwayi rabin dabarar, ya zuba ruwan zartsi bisa ƙasar laka marar magudana, ƙasarsa yake kashewa sannu a hankali. Ko tumatin ma yana da nasa ciwon: zartsi yakan hana sinadarin kalsiyom isa cikin ɗan, sai gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe.

Abu na uku ya shafi Nijar ƙwarai. A dallol Boso da kwaruruwan Gure da Maine Sorowa, abin da ke fitowa bisa ƙasa sau da yawa kanwa ce. Kanwa kuwa ta fi gishirin miya ɓarna, sabili da tana narkar da jikin ƙasa, ta toshe ƙofofinta, har ruwa ya riƙa kwanciya bisa ba ya shiga. Wankin ruwa kaɗai ba ya maganinta. Ana haɗawa da takin gargajiya mai yawa, da kuma jifs, farin dutsen nan da ake haƙowa a Adar, wanda ake sawa cikin siminti a Malbaza. Saboda haka tilas ne awon ya bambanta zartsin gishiri da na kanwa, tun da maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wasu za su ce manomi ya san ruwansa da harshe, ba ya bukatar na'ura. Gaskiya ne tsofaffin masu garka suna da ido da ɗanɗano. Sai dai harshe ba ya jin zartsi sai ya yi yawa, alhali albasa da salati sun daɗe da jin sa. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Na'urar awon gishiri tana shiga aljihu, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin injin ban-ruwa guda ba. Ƙasar da ke haƙa rijiyoyin burtsatse ba za ta kasa sayen ma'aunin ruwansu ba.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Duk rijiyar noman rani da aka haƙa, a auna ruwanta kafin a miƙa ta ga mutanen gari. A sake aunawa sau biyu kowace shekara, da kaka da kuma bazara, domin zartsi yakan ƙaru idan ruwa ya ja baya. Kowane malamin gona ya riƙe na'urarsa, magatakardan koparatib ya rubuta lambar cikin littafi, shekara bayan shekara, don a ga ko tana hawa. Cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975 domin binciken aikin gona, da ofishin ONAHA, wanda aka kafa a 1978 domin manyan filayen ban-ruwa, su ne suka cancanci fitar da jadawalin cikin harsunan ƙasa, a rubutu mai sauƙi: wannan lamba, ga irin da za a shuka; waccan lamba, ga irin da za a guje wa.

Inda ruwa biyu suke, mai daɗi da mai zartsi, a ba gandun rainon iri da albasa da salati mai daɗin, domin jaririn tsiro shi ya fi rauni. Mai zartsin a bar wa tumatin da ya yi ƙarfi, da dabino. A shayar ta gindi, kada a yayyafa bisa ganye, don yana ƙona shi. A gyara magudanai kafin damina, ruwan sama ya sami hanyar wanke ƙasa ya fita.

Saura maganar kasuwa. Muddin ana sayen tumati da girman kwando, mai ƙananan ƴaƴa masu daɗi shi ne zai faɗi. Amma tumatin da ba shi da ruwa da yawa ya fi ba da kauɗa idan aka shanya shi, kuma ya fi kauri ga masu markaɗe. Ya kamata ƙungiyoyin manoma na wuraren zartsi su dubi wannan hanya, su nemi masu saye da suka san daraja.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ƙasar da gishiri ya cinye tana ɗaukar shekaru da kuɗi masu yawa kafin ta farfaɗo, awon ruwan rijiya kuwa minti biyar ya ishe shi. Masana sun sauke nasu nauyin. Yanzu ya rage ga ma'aikatar gona da shugabannin koparatib su kai ma'aunin bakin rijiya kafin rani mai zuwa.