Mun Sayi Allon, Wa Ya Riƙe Makullin?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama, bakin iyakar Jibiya, ya san irin kayan da ke kai da kawowa tsakanin Katsina da Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa. A cikin kayan nan, tsakanin fitilun caji da batura da rediyoyi, akwai wasu 'yan kwalaye masu hoton wani yaro Bature yana murmushi. Abin da ke ciki kuwa kwamfutar hannu ce mai siffar allo, wadda 'yan kasuwa ke kira tablet. Ba ta da sunan da kowa ya sani, ba ta da takardar lamuni, kuɗinta kuwa bai kai na wayar kirki guda ba. Ita ce ɗan talaka ke saye in an ce masa jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta, kamar yadda hukumar JAMB ta mayar da ita gaba ɗaya tun 2015. A kanta muke son mu yi magana, kuma ba da murya ƙasa-ƙasa ba.

Bari mu fara kawar da wata magana da muke ji daga bakin 'ya'yan masu hali. Su kan ce, ai araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda ke son na kirki ya tara kuɗi ya sayi Samsung. To, madalla. Sai su faɗa mana da wane kuɗin ɗan manomin Jibiya zai saya, alhali gonar ubansa ta gagari shiga saboda 'yan bindiga, kasuwar garinsu kuma ta durƙushe tun da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris na 2024. Mu ba araha muke faɗa da ita ba. Mun yarda gilashin ya yi duhu, mun yarda batirin ya gaji da wuri. Talaka ya saba da kayan da ba su da ƙarko, ya kuma saba da gyara su. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayar mana da rariya, sa'an nan a hana mu liƙe ta.

Ga misali daga ɗakinmu na kwana. Wani abokin karatunmu ya sayo irin wannan allo lokacin hutu. A jikin kwalin an rubuta cewa rumbunsa na ɗaukar gigabait 64, kuma in ka shiga cikin na'urar ka duba, ita ma haka za ta gaya maka. Bai yi mako biyu yana zuba littattafai ba sai fayilolin farko suka fara lalacewa. Da muka kai wa wani mai gyara, ya buɗe bayanta, ya karanta lambar da ke jikin rumbun, sai ya yi dariya: ko rubu'in abin da aka rubuta bai kai ba. Watau an koya wa na'urar yin ƙarya tun daga masana'anta. Muka ce to a wanke ta a zuba mata wata manhajar mai gaskiya. Ya ce ya fi mu so, amma ina za a samo? Babu sunan kamfani, babu adireshi, lambar da ke jikin allon wutar ciki kuma ba ta dace da kowace manhaja da ke hannunsa ba. In ya gwada ta wani ƙirar, ko gilashin ya daina jin yatsa, ko na'urar ta mutu ɗungurungum.

Wanda ya yi makarantar allo ya san darajar allon katako: naka ne, in ka haddace ka wanke, ka sake rubutu. Wannan sabon allo kuwa an ba ka shi da rubutun wani a kai, an kuma ɓoye ruwan wankewa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ɓoyewar nan ba ta bisa ƙa'ida. Ƙashin bayan manhajar Android shi ne Linux, wanda dubban mutane a duniya suka rubuta suka bayar kyauta bisa sharaɗi guda mai nauyi: duk wanda ya sa shi cikin na'ura ya sayar, wajibi ne ya bai wa mai saye asalin rubutun manhajar tare da duk canjin da ya yi. Masu harhaɗa allunan araha a Shenzhen da kewayenta suna ɗaukar kyautar, su bar sharaɗin. Ƙwaƙwalwar yawancin allunan nan daga 'yan kamfanoni kaɗan take fitowa, irin su Allwinner da Rockchip da MediaTek, don haka ba wani sihiri ba ne a ciki. Har akwai wasu 'yan sa-kai da suka ɗauki shekaru suna bin diddigin ƙwaƙwalen Allwinner ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin aikin da suke kira linux-sunxi, don kawai mai na'ura ya iya sa mata abin da yake so. Aikin da ya kamata mai sayarwa ya yi, su ne suke yi masa a banza.

To, kada ka zaci tun da an kulle wa mai allo ƙofa an kulle wa kowa. Ina! A 2016 aka gano cewa a cikin manhajar da Allwinner ta raba wa masu ƙera na'urori akwai wata ƙofar baya da aka bari a buɗe: kowace ƙaramar manhaja da ke cikin na'urar, in ta rubuta kalma ɗaya a wani wuri, sai ta zama mai iko da komai. Kamfanin ya ce ragowar aikin gwaji ne aka manta ba a cire ba. A 2020 wani kamfanin tsaron wayoyi mai suna Upstream ya ba da rahoton cewa wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru sun zo da muguwar manhajar nan Triada tun cikin kwali, tana ƙoƙarin shigar da mutane cikin ayyukan biya ba da saninsu ba, tana kuma shanye musu data. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wani mai ba shi kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Shi ke nan, wannan yana da suna da ofis, ana iya kama shi da magana. Allon da ba shi da uba fa, wa za a tambaya? A 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata cuta da ake kira BADBOX, wadda ke zuwa cikin na'urorin Android masu araha, Google kuma ta shigar da ƙara tana cewa na'urori fiye da miliyan 10 abin ya shafa. Mai allo yana biyan kuɗin data, wani ƙato a wata duniya yana amfani da layinsa yana aikata abin da ya ga dama. Gida ne aka ba ɓarawo makullinsa, aka bar mai gidan a waje.

Hukumomi kuwa? Akwai NCC mai ba da izinin shigo da na'urorin sadarwa, akwai SON mai duba ingancin kaya. Amma shekaru muka yi muna kallon ƙarfin gwamnati a kan hanyar Jibiya yana ƙarewa wajen farautar buhun shinkafa da jarkar fetur. An bar jaki ana dukan taiki.

Manyanmu ma ba ƙin allon suke yi ba. Suna ƙaunarsa ƙwarai ranar bikin rabawa. A 2007 aka kai ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Waɗannan an ƙera su ne don a kwance da sukundireba, manhajarsu kuma a buɗe take, amma maganar sayen miliyan guda da aka yi ta yayatawa ta bi ruwa. A 2013 gwamnatin Jihar Osun ta Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da Opon Imo, allo cike da littattafai da tambayoyin jarrabawar baya. Tunani ne mai kyau. Sai dai duk lokacin da aka yi irin wannan shiri a ƙasar nan, lissafin da ake karanto mana shi ne na guda nawa aka raba, mu kuwa wanda muke son ji shi ne na guda nawa ke aiki bayan shekara uku, da kuma masu gyara nawa aka horar.

Indiya ta fi mu cin darasin. A Oktoban 2011 ta fito da Aakash, allon da aka ce ɗalibi zai samu a kan dala 35. Na farkon abin kunya ne: nauyin aiki, gilashi sai an danna da ƙarfi, batir ba ya jimawa. Amma da aikin ya koma hannun Cibiyar Fasaha ta Bombay a 2012, malamai da ɗalibai suka shiga cikinsa, suka sa masa abin da mutum zai rubuta manhaja da harsunan C da Python a kan allon kansa, suka kuma saki aikinsu ga kowa. Shirin bai kai inda aka yi alkawari ba. Duk da haka ɗaliban da suka farke cikin wannan na'ura mara ƙarfi sun fita da ilmin da ba a koyo daga kallon allo mai tsada a kulle.

Mu 'yan wannan yanki muna da dalilin da ya fi na kowa. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, aka yi watanni a haka. A waɗannan watanni allon da ba ya komai sai da intanet ya zama faranti. Wanda mai shi ya iya share tarkacen talla daga cikinsa, ya zuba littattafai da ƙamus da Wikipedia ta Hausa ta manhajar Kiwix wadda ba ta bukatar layi, shi ya zama ɗakin karatu. Ƙarfin na'urorin biyu ɗaya ne, kuɗinsu ɗaya ne.

Laifin ƙarshe namu ne, mu da tsangayoyinmu. Muna da sassan nazarin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da Bayero, ga kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo can Maraɗi. Muna haddace zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta don jarrabawa, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba. Yaran kasuwar Farm Centre a Kano kuwa, waɗanda wasunmu ke yi wa kallon jahilai, suna ɗaga ƙwaƙwalwa daga kan allon wuta su mayar da ita da hannu, sai dai ba su san abin da ke rubuce a cikinta ba. Rabin ilmin yana wurinsu, rabi yana wurinmu, girman kai ya hana mu haɗuwa.

Don haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ware ɗaki guda da tebur biyu. A tara matattun allunan da ke ƙarƙashin gadajenmu, a gayyato masu gyara a biya su haƙƙinsu a matsayin malamai, a buɗe kowace na'ura a rubuta ainihin ƙwaƙwalwarta da girman rumbunta da manhajar da ta karɓa, a buga jerin da Hausa da Faransanci domin ya yi amfani a Jibiya ya yi a Maraɗi. Ga 'yan'uwanmu da suka riga suka shiga aikin gwamnati kuwa, ku ne ke rubuta takardun kwangila. Ranar da aka kawo muku fayil ɗin sayen alluna don makarantu, ku ƙara layi uku kafin ya wuce teburinku: ɗan kwangila ya miƙa asalin manhajar, ya bar ƙofar sauya ta a buɗe, ya kuma kawo batura da gilasan canji tare da kayan. Allon abokin namu yana nan cikin leda, da sukurorinsa a cikin kwalin ashana. Shi za mu fara ɗorawa a kan tebur.